Wai da gaske ana cire gishirin ruwan teku da zafin ƙarƙashin ƙasa?

Ɗan Fagge:
Salam ƴan uwa. Jiya ina jiran ɗan garuwa sai ƙanena yake ce min wai a tsibiran da ke da dutse mai aman wuta, da zafin ƙasa ake mayar da ruwan teku ruwan sha. Abin ya tsaya min a rai wallahi, don Allah masu sani ya abin yake?

Malam na Kurna:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne. Ruwan teku lita ɗaya akwai gishiri kusan giram 35, to rijiya ake haƙawa a jawo ruwan zafi daga ƙasa, a dumama na tekun da shi a cikin tankin da aka rage wa iska, shi ya sa ko digiri 70 bai kai ba yake tafasa, tururin ya tashi ya bar gishirin, in ya huce ya koma ruwan sha, kamar raɓar da ke taruwa a murfin tukunya. An gwada a tsibirin Kimolos na Girka.

Maman Ihsan:
Ikon Allah! Malam to mu fa? Na je Yankari na shiga ruwan Wikki, ɗumi gare shi.

Malam na Kurna:
Hajiya na Wikki digiri 31 ne kawai, ba zai isa ba, kuma mu nan Arewa ai ba teku. Kenya ce ta ci gajiya, a Olkaria lantarki suke samu da tururin ƙarƙashin ƙasa.

Ɗan Fagge:
Na gode Malam. Ragowar ruwan gishirin fa, teku ake mayar da shi? Kifaye nake ji wa.