Taronmu na farko na tsofaffin ɗalibai: rajista, asusu ko rijiya, da wanne za mu fara?

Sakataren Aji 2004

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Mu 'yan ajin da suka gama wata sakandaren gwamnati ta kwana ne a 2004, makarantar maza. Muna da zauren WhatsApp mai mutum kusan 140, kimanin rabi suna biyan kuɗin wata. Kuɗin yana cikin asusun ma'ajinmu na kansa domin ba mu da rajista. An amince mu yi babban taro a cikin makarantar, mu yi zaɓe, mu kuma yi mata wani aiki. Yara kusan 600 ne ke kwana a ciki kuma ruwa ne babbar matsalarsu, shi ya sa yawancinmu suka karkata ga rijiyar burtsatse. Shin dole ne mu yi rajista kafin taron? Wane lokaci ya fi, kuma yaya ake tsara shi? Me ya kamata mu sani kafin mu ba da aikin rijiyar? Akwai tsohuwar ƙungiya ta duk tsofaffin ɗaliban makarantar, amma an daɗe ba a ji ɗuriyarta ba.

Barista

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Taro ba ya jiran rajista, sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ku 'yancin taruwa da kafa ƙungiya. Kuɗin ne ke buƙatar rajista, kuma shi ya kamata ku fara ceto. Ba maganar rashin amana nake yi ba. Idan ta Allah ta kasance ga ma'ajin, banki zai rufe asusun da zarar labari ya kai gare shi, ba za a taɓa ko kwabo ba sai an kawo takardar kotu, kuma a idon shari'a abin da ke ciki dukiyar mamaci ce da magada za su raba, sai in kun kawo hujjar cewa naku ne. Haka in ana bin sa bashi kotu ta sa a riƙe asusun, har da naku za a riƙe.

Rajistar da ta dace da ku ita ce ta amintattun ƙungiya, wato mutanen da za su riƙe suna da kadarar ƙungiya a madadinku, a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana fara neman suna a shafin hukumar, in an amince za a ajiye muku shi kwana 60. A nan ake yawan tuntuɓe, domin sunayen makarantunmu galibi suna ɗauke da kalmar gwamnati ko tarayya ko jiha, kuma dokar ta ce irin waɗannan kalmomi sai da izinin hukumar na musamman. Ku tanadi wasiƙa daga shugaban makarantar mai nuna ya san da ku, tana sauƙaƙa lamarin. Bayan suna sai tsarin mulkin ƙungiya, da rubutaccen bayanin taron da aka zaɓi amintattu a cikinsa, shugaba da sakatare sun sa hannu, da hoto da lambar NIN ta kowane amintacce. Sannan a buga sanarwa a jaridu biyu masu fitowa kullum, aƙalla ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Saboda wannan jiran, kada ku sa ran satifiket cikin mako biyu, ko wa ya yi muku alkawari.

Doka ta yarda da amintattu biyu zuwa sama. Ni shawarata uku ko biyar. Wanda bai kai shekara 18 ba, ko mai taɓin hankali, ko wanda kotu ta ayyana ya yi karayar arziki bai farfaɗo ba, ko wanda aka samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce, ba ya zama amintacce. Kuskuren da ya fi tsada shi ne a rubuta cewa duk wanda ya ci shugaba ko sakatare ya zama amintacce kai tsaye. Canza amintacce sai an sake buga jarida an sake jiran kwana 28, to in kuna zaɓe duk shekara biyu kun ɗora wa kanku wannan kashe kuɗin har abada. Ku raba su: amintattu su riƙe suna da kadara, zaɓaɓɓun shugabanni su tafiyar da harkar yau da kullum.

Da satifiket a hannu sai lambar haraji ta TIN, da takardar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, domin bankuna kan nemi su kafin buɗe wa ƙungiya asusu. Masu sa hannu su zama uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun amince. Kuma ku sani rajista nauyi ce mai dawowa: kowace shekara, tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, za ku miƙa wa CAC rahoton shekara tare da bayanin kuɗi. In kun yi sake tara na taruwa, kuma duk wanda ya bincika sunanku a shafin hukumar zai ga an rubuta ba kwa aiki. Ranar da aka rushe ƙungiyar kuwa, abin da ya rage ba a raba wa mambobi, wata ƙungiya mai irin manufarku ake miƙa wa. A gaya wa mutane wannan tun yanzu, domin wasu suna biya ne da tunanin adashi suke zubawa.

Dattijon Zazzau

Barista ya faɗi doka daidai, amma ban goyi bayan kowane aji ya je ya yi rajistarsa ba alhali akwai uwar ƙungiya. Ku dubi Barewa. An kafa makarantar a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ta karɓi sunan Barewa a 1971, amma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, BOBA, guda ce tun 1939. A RUMFOBA ta Kwalejin Rumfa da ke Kano ma, 'yan aji-aji suna taronsu da ayyukansu ne da sunan uwa. Amfanin haka a fili yake. Idan aji goma suka zo kowa da tasa ƙungiyar, sai ka tarar an yi wa ƙofar makaranta fenti sau uku, ɗakin gwaje-gwaje kuwa ko famfo ɗaya babu, kuma ma'aikatar ilimi ba ta san da wa za ta yi magana ba.

Yarana, ku fara bincika sunan tsohuwar ƙungiyar a shafin CAC. In tana da rajista, da wuya a ba ku suna mai kama da nata. Ku nemi dattawan da ke riƙe da ita, ku je musu da ladabi, ku nemi su amince da ku a rubuce a matsayin reshen 2004, a buɗe muku asusu na daban a ƙarƙashinta wanda ku ne masu sa hannu. In akwai rahoton shekarun baya da ba a miƙa ba, biyansa ya fi sabuwar rajista amfani ga makarantar. Sai in sun ƙi, ko an tarar babu rajistar sam, sannan ku bi hanyar Barista.

Hajiya Ma'aji

Sannunku. Ni kan taron da labaran ƙungiya zan yi magana.

Lokaci biyu mutane ke so, washegarin Sallah da hutun ƙarshen shekara, saboda kowa ya zo gida. Matsalarsu ɗaya ce: makaranta na hutu, za ku tarar da ɗakunan kwana a kulle, ba za ku ga layin yara da bokiti da asuba ba, ba za ku ga yadda ake rabon abinci ba. Wanda bai gani da idonsa ba da wuya ya ƙara ko sisi a kan abin da ya saba bayarwa. Ku zaɓi Asabar a cikin zangon karatu, tsakanin Oktoba da farkon Disamba. Ku kauce wa Mayu zuwa Yuli, lokacin WAEC da NECO ne, shugaban makaranta ba zai saurare ku ba.

Wasiƙar neman izini ta isa ofishinsa aƙalla mako shida kafin ranar, a aika kwafi ofishin ilimi na shiyya. Tun bayan sace ɗalibai da aka yi a makarantar kwana ta Ƙanƙara a Disambar 2020 makarantun kwana ba sa barin baƙi su shiga haka kawai, don haka ku haɗa da sunayen masu zuwa da lambobin motoci. Mambobi kuma a ba su sanarwar kwana 21 tare da ajanda da daftarin tsarin mulki, kowa ya karanta a gida. In aka bari sai a zauren taro za a karanta shi sashe-sashe, La'asar za ta yi ba a kai rabi ba.

A ranar, a fara da zagayen makaranta tun da safe kafin kowa ya zauna. Sannan rahoton kuɗi, sannan tsarin mulki, zaɓe a ƙarshe. Wannan jerin da dalili: in aka fara da zaɓe, waɗanda suka faɗi sai su kama hanya, a rasa adadin mutanen da za a yanke hukunci da su. Kwamitin zaɓe mutum uku waɗanda ba sa takara, kuma a faɗi tun a sanarwa ko wanda bai biya kuɗin wata ba yana da ƙuri'a, domin a nan rigima ke tashi. Jawaban manyan baƙi a taƙaita su. Ku gayyaci tsofaffin malamanku, a tura mota ta ɗauko su, a sa musu wani abu a ambulan cikin mutunci, kada a manta da masu dafa abinci da masu gadin zamaninku in suna raye. Kuma don Allah kada ku zauna kuna cin shinkafa da kaza yara na leƙe ta taga. Ku sa abincin ɗalibai na ranar cikin kasafi, ko da sa guda ne aka ba kicin.

Game da labarai, zaure ɗaya ba ya isa. Sanarwar taro takan nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da muhawarar siyasa. Ku buɗe na biyu wanda shugabanni kaɗai ke rubutu a ciki: haihuwa, ɗaurin aure, rashin lafiya, rasuwa, ƙarin girma, da rahoton wata. Rahoton ya ƙunshi abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, da hoton takardar banki. Mutane ba sa daina biya don talauci kawai, sun fi dainawa idan wata uku suka wuce ba su ji inda kuɗi ya kwana ba. Amma kada a wallafa sunayen waɗanda ba su biya ba, a bi su ta waya a asirce, wani halin da yake ciki Allah kaɗai ya sani. Kuɗin taimakon juna kuma a ware shi daga kuɗin aiki, a rubuta abin da ake bayarwa na rasuwa da na jinya, kowa daidai. In ba haka ba, rasuwa biyu a wata ɗaya za su cinye kuɗin rijiyar.

Injiniyan Ruwa

Malam Sakatare, kafin ku kira mai haƙa ku yi lissafi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga makarantar kwana ita ce aƙalla lita 20 ga kowane mutum a rana. Yara 600 ke nan lita 12,000, ban da malamai da iyalansu. Famfon sola yana aiki sosai ne awa biyar zuwa shida a rana, to sai rijiyar ta iya ba da lita 2,000 zuwa 2,400 a awa. A yankunan da ƙarƙashinsu dutse ne, kamar Zariya da yawancin Kano da kudancin Katsina, ba kowace rijiya ke ba da haka ba, ruwan yana cikin tsagar dutse ne, taku hamsin kan raba mai ruwa da busasshiya. Saboda haka a fara da binciken ƙasa da na'ura, daga wanda ba shi zai yi haƙan ba, ya nuna wuri biyu ko uku. Wurin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga masai da ramin bahaya.

Ku kuma tambaya ko akwai tsohuwar rijiya da ta mutu. Sau da yawa famfo ne ya ƙone ko yashi ya cike ta, wankewa da iska mai ƙarfi da sabon famfo sun wadatar, da kuɗi kaɗan.

In sabuwa ce, Maris zuwa Afrilu ya fi, lokacin da ruwan ƙasa ya yi ƙasa sosai. Wadda aka haƙa a Satumba tana iya ruɗin ku ta ƙafe da bazara. A rubuta cikin yarjejeniya zurfi, da kaurin bututun da za a zura, da tsakuwar da za a zuba kewaye da shi, da siminti a saman don kada ruwan sama ya gangara ciki, da wanda zai ɗauki asara in an tarar babu ruwa. Naku mutum ya tsaya ya ƙirga sandunan haƙa da bututun da suka shiga, domin a nan ake rage mita. Bayan haƙa a yi gwajin zuƙa na awanni a jere, a auna abin da take bayarwa, sannan a sayi famfo daidai da ita. Wanda ya fi ƙarfin rijiya zai zuƙe ta ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone, shi ya sa na'urar kashe famfo in ruwa ya ƙare dole ce. A kai ruwan ɗakin gwaji kafin yara su sha.

Tanki ya ɗauki ruwan yini guda, misali uku masu lita 5,000, a kan ƙarfen da aka lissafa nauyinsa, domin kowane ɗaya in ya cika tan biyar ne. Faifan sola a ɗaga su sama a yi musu walda saboda ɓarayi, a riƙa goge su da hunturu don ƙura na rage ƙarfinsu. Kawunan famfo su yi yawa, kuma masu ƙarfi, su ne ke fara lalacewa a hannun yara. Biya kashi-kashi, a riƙe kashi 10 cikin 100 sai bayan wata shida. Fili na gwamnati ne, don haka a samu amincewar ma'aikatar ilimi a rubuce kafin inji ya shiga, kuma takardar miƙa aiki ta faɗi wanda zai riƙa gyara, ko makaranta, ko kwamitin iyaye da malamai, ko ku.

Sakataren Aji 2004

Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Barista, kafin a gama maganar uwar ƙungiya ko rajista, yaya za mu yi da kuɗin da ke hannun ma'aji?

Barista

Ku buɗe asusun haɗin gwiwa na mutum uku, da sharaɗin sai biyu sun sa hannu, a kwashe kuɗin gaba ɗaya zuwa can a daina tura komai tsohon asusun. Su ukun su sa hannu a takarda, gaban shaidu biyu, cewa kuɗin amanar 'yan ajin 2004 ne ba nasu ba, a rubuta adadin da ranar. Ma'aji ya ciro bayanan asusunsa tun daga ranar da aka fara biya, mutum biyu da ba sa cikin shugabanni su gwada da jerin masu biya, sakamakon shi za a karanta a taro a matsayin rahoton kuɗi na farko. Ku tambayi bankin a rubuce yadda za a yi in ɗaya daga cikin ukun ya rasu, domin sharuɗɗan sun bambanta daga banki zuwa banki.