Wai wanda ya fi biya shi ake ɗorawa a sama?

Mai Turare: Slm jama'ar guruf. Ni dai yau zan faɗi abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya ji. Duk wannan zancen da ake mana na ka gyara hoto, ka rubuta bayani mai kyau, ka riƙa amsa kwastoma da wuri sai kayanka su hau sama a kasuwannin intanet, wlh romon baka ne. Kuɗi ne kawai. Ka biya a ɗora ka a shafin farko, ka ƙi biya a wurga ka can ƙasa inda ko kai mai kayan sai ka gaji da jan waya kafin ka gan su. Dandalin da nake sa kaya ba zan kama suna ba, amma duk lokacin da na sayi tallansu waya ba ta hutawa, ranar da kuɗin suka ƙare tsit kake ji.

Maman Hanan: Wlh ka faɗi gaskiya Alhaji, nima haka nake gani da kayan kicin ɗina

Ɗan Farm Centre: A'a Alhaji, ban yarda ba. In kuɗi ne kawai to ni ya aka yi caja da iyafis ɗina suke fitowa a sama, alhali sisi ban taɓa biya na talla ba? Maƙocina a layinmu yana biya, kuma ina gabansa. Ka je ka ga yadda yake rubuta kan kayansa, "waya mai kyau sabuwa dal farashi mai sauƙi", to wa zai shiga ya rubuta haka yana neman waya? Mutum Tecno Spark 10 128GB zai rubuta, in babu waɗannan kalmomin a kan naka ai injin binciken dandalin bai ma san kana duniya ba balle ya jera ka.

Mai Turare: Ƙanina caja nawa take? Bari ka fara sa abu mai tsoka ka gani

Injiniya: Ku bari in ɗan shigo, don ina ga abu biyu kuka haɗa wuri guda. Shafin da kuke gani in kun yi bincike layi biyu ne aka cakuɗa. Akwai gurabun talla, su kam sayar da su ake yi ƙiri-ƙiri, a Amazon misali gwanjo ake yi a kan kalma, kowa ya faɗi nawa zai biya in an danna kayansa sau ɗaya, kuma za ka ga an rubuta Sponsored, wato talla ne, ƙarami a jiki. Sai kuma sauran jerin da injin ke yi da kansa. Shi wannan na biyun da farko yana tace kayan da kalmominsu suka dace da abin da aka nema, wato maganar Ɗan Farm Centre, sannan ya jera su da hasashen wanne ne aka fi yiwuwar a saya. Yana duba cikin waɗanda aka nuna wa kayan mutum nawa suka danna, cikin waɗanda suka danna nawa suka biya, taurari nawa masu saye suka ba shi, sau nawa mai kayan ya soke oda don babu kayan a ƙasa, sau nawa aka dawo da su, kwana nawa suke yi kafin su isa, har inda mai sayen yake zaune. Shi ya sa in ni da Maman Hanan muka rubuta kalma ɗaya a wayoyinmu ba lallai mu ga jeri iri ɗaya ba.

Maman Hanan: To Malam Injiniya ai ka dawo maganar Alhaji, tunda ka ce da kanka ana sayar da gurbi

Injiniya: Ana sayar da wasu gurabun Anti, ba duka ba. Kuma ya danganta da wace irin kasuwa ce, ki duba ta ina mai kasuwar yake cin abinci. Irin Jiji allon talla ne, kai da mai saye ku yi waya ku daidaita ku haɗu, kuɗin cinikin ba ya bi ta hannunsu, to ribarsu tana wajen sayar wa masu kaya da hawa sama, kuma ba ɓoyewa suke ba, farashin yana nan a manhajar kowa na gani. Amma irin Jumia ko Amazon kamasho suke yanka a duk cinikin da aka yi, in suka cika shafin farko da tarkacen da ba a saye don kawai an biya talla su ma asara suke.

Hajiya Mai Atamfa: Ni fa ina karantawa ina dariya. Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san shagon bakin layi ba kuɗinsu ɗaya da na cikin lungu ba, kuma ba wanda ya ce zalunci ne, amma mai bakin layin in atamfarsa tana zuba wata nawa zai yi mutane su gane shi? Wuri kawai kuɗi suka saya masa. Ni abin da na lura da shi hoto ne, tunda na koma ɗaukar kaya da rana a tsakar gida a kan farin zani, in ware turmin a ga zanen sosai in kuma ɗauki bakin da ke da tambari, masu tambaya suka ƙaru, ba tare da na ƙara ko kwabo ba.

Mai Turare: Hajiya ranki ya daɗe, duk na yi wannan. Har yaro na biya ya zo da kyamara.

Barrista: Alhaji yana da gaskiya fiye da yadda kuke ba shi, sai dai ya kama ta inda ba nan ne ciwon ba. Tallan da aka rubuta masa talla ai da sauƙi, kowa na gani. Matsalar ita ce wanda ba a rubuta ba. A watan Yunin 2024 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Koriya ta Kudu ta ci kamfanin Coupang, wata kasuwar intanet ta can, tarar won (kuɗin ƙasar) biliyan 140, ta ce sun taɓa injin bincikensu don kayan kamfanin kansu su riƙa fitowa a sama, kuma sun sa ma'aikatansu sama da 2,000 suna rubuta sharhin yabo a kan waɗannan kayan. Kamfanin ya musa ya tafi kotu. Kafin nan a 2017 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 2.42 saboda fifita sashensa na kwatanta farashin kaya a kan na abokan hamayya, aka yi ta shari'a har 2024 babbar kotunsu ta tabbatar da tarar. Sannan a Satumbar 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, da jihohi 17 suka maka Amazon a kotu, cikin zarge-zargen har da cewa suna cika sakamakon bincike da talla ko da bai dace da abin da aka nema ba, kuma duk mai kayan da ya sayar da araha a wani dandalin sai su danne shi. Zargi ne, Amazon ya ƙaryata. Amma in mai kasuwa shi ma yana da rumfa a cikin kasuwar kuma shi ke jera rumfunan, ai dole a sa masa ido.

Ɗan Farm Centre: To Barrista wannan ai manya ne ke faɗansu, ni da nake sayar da caja ina ruwan Coupang da ni 😂

Barrista: Da ruwanka mana, ranar da mai dandalin ya fara kawo caja da sunansa za ka gane

Injiniya: Barrista ban musa maka ba, amma ka lura abin da aka hukunta su a kai shi ne sun karkatar da injin. Ke nan akwai yadda injin yake tafiya in ba a karkatar da shi ba, kuma wannan ya rushe maganar "kuɗi ne kawai". Inda zan ba Alhaji gaskiya wani wuri ne daban. Abin yana ciyar da kansa ne, wanda yake sama shi aka fi dannawa don mutane ba sa son jan shafi, da aka danna shi aka saya, da aka saya injin ya ce to wannan shi ake so ya ƙara riƙe shi a sama, shi kuma sabon shiga ba ciniki ba taurari ba sharhi to da me injin zai auna shi? Sai ya sayi talla don ya samu cinikin farko, cinikin nan kuma shi ne zai ɗaga shi a jerin da ba na talla ba. To ka ga kuɗin sun shigo ta ƙofar baya. Amazon kaɗai kusan dala biliyan 47 ya samu daga talla a 2023, ba don Allah masu kaya ke zuba wannan kuɗin ba.

Mai Turare: Yauwa! Allah ya yi maka albarka, ai ka zagayo ka zo inda nake

Injiniya: Ban zo ba Alhaji 😄 kai ka ce in ka daina biya komai ya mutu. In mutane sun shigo ta talla sun saya sun ji daɗi, bai kamata ka faɗo ƙasa warwas ranar da tallan ya ƙare ba, sai dai in dandalin irin allon talla ne da ba ya ganin cinikin. In kuwa mai yankar kamasho ne to a duba, ko ana dannawa ba a saye, farashi ne ko kuɗin kai kaya ko sharhin da aka bar maka.

Maman Hanan: Kuɗin kai kaya kam shi ya kashe mu. Ni ina Kano, masu saye da yawa suna Legas da Fatakwal, wanda kayansa ke ajiye a sito ɗin kamfani ana rubuta masa gobe ko jibi, ni ana rubuta min kusan sati, ko ni ce mai sayen wa zan zaɓa? Kuma ajiye kaya a sito ɗin nan ba kyauta ba ne, ga kuɗin motar kai su can. To wannan in ba kuɗi ba mene ne sunansa

Barrista: Anti wannan da kika faɗa shi ne Italiya ta ci Amazon tarar Yuro biliyan 1.13 a kansa a 2021, ta ce suna fifita masu amfani da sito da motocinsu. Etsy ma, wata kasuwar intanet, a 2019 fili suka fito suka ce a binciken kaya na masu saye a Amurka za su ba da fifiko ga shagunan da ke kai kaya kyauta in cinikin ya kai dala 35. Kyauta a wajen mai saye, amma aljihun wa ya fito?

Hajiya Mai Atamfa: Amma tsakani da Allah mai saye shi ma yana da haƙƙi, in na kusa zai kawo masa da wuri don me za a ɓoye masa shi saboda a yi mana adalci. Ni ban ga laifin injin a nan ba.

Bala Gwanjo: Ni duk ba wannan ba, akwai wani da ya min magana wai zai kawo min sharhi 50 masu taurari biyar in biya shi, ya kuke gani

Ɗan Farm Centre: Kar ka soma Bala

Injiniya: Kar ka yarda. A 2021 Amazon ya kori kamfanonin China kusan 600 a kan sharhin bogi, har da manya irin Aukey da Mpow masu sayar da caja da hedifon, da kuɗinsu da komai aka rufe su. Ga kuma amsa ga Alhaji a nan ma, waɗannan ai ba talakawa ba ne.

Mai Turare: Su an kore su don sun biya wani ba su biya mai kasuwa ba 😂 ka gane ai

Barrista: Hhhh Alhaji ba ka da dama. Ni abin da nake so a ƙasar nan shi ne irin dokar da Turai ta fara aiki da ita a Yulin 2020, wadda ta tilasta wa dandali ya rubuta wa masu kaya manyan abubuwan da yake dubawa wajen jeri, kuma in biyan kuɗi yana tasiri ya faɗa. FCCPC, hukumarmu ta gasar kasuwanci da kare masu saye, ta iya cin Meta mai Facebook da WhatsApp tarar dala miliyan 220 a 2024 a kan bayanan mutane, to wannan ma ba zai gagare ta ba.

Mai Turare: Ko sun rubuta ni dai ina kan bakana. Injiniya in ka isa zan turo maka hoton shagon nawa ta gefe, ka gyara duk abin da kake cewa a gyara ba tare da mun biya talla ba, in ya hau zan dawo nan in faɗa a gaban kowa.

Injiniya: Turo, amma haɗa da shafin da ke nuna mutum nawa suka gani nawa suka danna, kuma kar ka taɓa farashi har mu gama.

Maman Hanan: Nima a haɗa da nawa don Allah, na tukwanen nan ne suka ƙi motsi