Neman shawara: an ba mu kyautar kwana a masaukin ruwan zafi na Atami, in je ko in kawo uzuri?

Amarya a Japan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ku taimaka mini. Watana huɗu da zuwa, maigidana yana digiri na uku a wata jami'a kusa da Tokiyo. Malaminsa da abokan karatunsa sun haɗa kuɗi sun biya mana kwana ɗaya a irin masaukin gargajiyar nan da suke ce wa ryokan, a garin Atami da ke bakin teku, wai gudummawar biki ce tunda ba su samu halarta ba. Da farko murna na yi ta yi, sai da na karanta a intanet cewa wankan ruwan zafin, onsen, tsirara ake yin sa, mutane da yawa a wuri ɗaya. Jikina ya yi sanyi. Ga abinci kuma, an ce ba a zaɓa, abin da aka ajiye maka shi za ka ci. Maigidana ya ce mayar da kyautar malami babban abin kunya ne a nan, ni kuma na ce gara kunyar malami da ta Allah. Kwana biyu ke nan muna ja-in-ja. Akwai wanda ya taɓa zuwa?

Anti ta Saitama:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Kwantar da hankalinki, ke da maigidanki duk kuna da gaskiya, kuma ba sai ɗaya ya faɗi ba. Babban wurin wankan dai tsirara ne, ba a shiga da zani ko kamfai, ko ɗan tawul ɗin da suke bayarwa ba a yarda ya taɓa ruwan ba. Maza daban, mata daban. To amma ba wanda zai kama hannunki ya kai ki can. Ni sau uku ina kwana a irin masaukan nan, ban taɓa taka babban wurin ba.

Abin da za ku nema sunansa kashikiri. Ƙaramin wurin wanka ne mai ƙofa da sakata, ana ba iyali ɗaya na kamar minti 45, daga ke sai mijinki. Wasu gidajen kyauta ne ga wanda ya kwana, wasu sai an ƙara yen (kuɗin Japan) 2,000 ko 3,000. Wasu ɗakunan ma da nasu bahon a baranda yana kallon teku, sai dai su kam da tsada. Maigidanki ya buga musu waya tun yau ya tambaya, kada ya bari sai kun isa, don lokacin faɗuwar rana shi kowa ke rububi.

Alhaji mai motoci, Gunma:
Ni dai ra'ayina daban. Shekarata 14 a ƙasar nan ban taɓa zuwa ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Wurin da aka gina shi domin tsiraici, kuma da dare ana shan giya a ɗakin cin abinci, me ya kai mutum? A gode wa malamin, a ce uwargida ba ta jin daɗi.

Anti ta Saitama:
Haba Alhaji, a guje wa abu ɗaya kuma a faɗa ƙarya? Ai giyar nan har a kantin da kake sayen madara tana nan. Kuma gidaje da yawa a ɗakinka ake kawo maka abincin dare, ba ka ganin kowa sai matar da ke hidimar ɗakin.

Ɗalibi daga Beppu:
Malama, ni a garin ruwan zafi nake zaune, tururi har daga kwalbati yake fita a unguwarmu, ga masallaci muna da shi saboda yawan ɗaliban waje. A ganina batun wanka mai sauƙi ne, Anti ta gama shi. Inda aiki yake shi ne abinci.

Kuɗin ryokan a kan kowane mutum ake lissafa shi, kuma ya haɗa da abincin dare da karin kumallo. Abincin daren kaiseki ake ce masa, ƙananan kwanuka ne bi da bi, kusan goma, an tsara su tun kafin ku zo. Sa'ar da kuka yi ita ce bakin teku ne, yawancinsa kifi ne da jatan lande da sauran kayan ruwa, waɗanda a mazhabarmu ta Malikiyya ba su da matsala. Amma akwai abu biyu. Na farko naman alade, yakan shigo a 'yar tukunyar da ake kunna wa wuta a gabanka, ko a karin kumallo. Na biyu, kuma shi ya fi ɓuya, giyar girki ce, mirin da sake, da suke zubawa a romo. Yankin Izu inda Atami take sun shahara da wani jan kifi mai manyan idanu, kinmedai, kuma yadda aka saba dafa shi cikin romo mai zaƙi da giyar girkin ne. Ku roƙi a gasa muku da gishiri kawai, shioyaki, ko a ba ku ɗanye in za ki iya.

Ku faɗa musu aƙalla kwana uku ko huɗu kafin zuwa, kuma a rubuce da Japananci. Na taɓa yin kuskuren faɗa a bakin ƙofa a wani masauki, matar ta yi ta sunkuyawa tana ba ni haƙuri, ƙarshenta da farar shinkafa da gasasshen kifi ɗaya na kwana, alhali na biya kuɗin cikakken abinci. Laifina ne, mai girkin ya riga ya yi cefane tun safe. Wasu gidajen za su ce muku kai tsaye ba za su iya cire mirin ba. In haka ta faru, a tambaya ko za a iya mayar da shi kwana zalla ba abinci, ku ci a gari.

'Yar Maraɗi a Nagoya:
Ni abin da ba wanda ya gaya mini shi ne zafin ruwan! Na ɗauka irin na Wikki ne da muka je a Yankari, mai ɗumi-ɗumi digiri 31. Wannan 40 zuwa 42 ne 'yar'uwa. Na zauna na daɗe ina kallon teku, da na miƙe sai jiri ya ɗebe ni. Ki sha ruwa kafin ki shiga, ki fara zuba wa ƙafafunki, minti biyar ki fito ki huta. Kuma sai kin zauna a 'yar kujera kin yi wanka da sabulu kin ɗauraye tas kafin ki shiga, ko a kashikiri ne, domin ba a sauya ruwan bayan kun fita. Ki ɗaure kitsonki sama. Ruwan bakin teku yakan zo da gishiri, sai ki ji jikinki da ɗumi har cikin dare. Sunan garin ma, Atami, ma'anarsa teku mai zafi.

Anti ta Saitama:
Na manta rigar. Za ki tarar da yukata a ɗaki, doguwa ce mai ɗamara. Ɓangaren hagu ake ɗorawa a kan na dama, in kin juya shi kin yi shigar gawa, haka suke sa wa mamaci. Ni nakan sa doguwar riga mara nauyi da wando a ciki, in ɗora hijabina, ba wanda ya taɓa kallona sau biyu. Takalmi a bakin ƙofa ake cire shi, silifa ma ba ta hawa tabarmar tatami, shi ya sa salla a ɗakin take da daɗi. Alƙibla yamma ce ta ɗan karkata arewa, kada sabo ya sa ki fuskanci gabas. Kada ki nemi gado, za a shimfiɗa muku katifa a ƙasa da dare. Ku isa wajen ƙarfe uku, abinci shida ko bakwai ne kuma ba sa son a makara. Ba a ba ma'aikata tukuici, amma ku riƙe canji don harajin wanka, galibi yen 150 kowane mutum.

Alhaji mai motoci, Gunma:
To in dai za a je, a hau jirgin ƙasa na talakawa, kusan awa biyu ne daga Tokiyo. Shinkansen, jirgin ƙasan nan mai tsananin gudu, minti 45 ne amma kuɗin ya kusa ninki. Garin kan tudu yake, ku tambaya ko masaukin na turo mota tasha. Kuma ku duba taswirar gudun tsunami, wato ambaliyar teku, da hanyar fita tun da rana.

Amarya a Japan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wata abokiyar karatun maigidana ta taya shi yin wayar ɗazu. Suna da kashikiri biyu, mun kama na ƙarfe huɗu da rabi. Alade sun ce za su musanya da kifi, batun mirin kuma sai sun tambayi mai girki, gobe za su kira. Alhaji, jirgin talakawan za mu hau. Anti, ɗanyen kifin nan fa, in na kasa haɗiyewa na bar shi a kwano, za su ji haushi?

Anti ta Saitama:
Tura wa maigidanki, ai shi ya ce a je.