Mutt (manhajar karanta imel): yaya zan sa tsofaffin saƙonni su riƙa tafiya ajiya da kansu?

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sabobin da nake kula da su suna turo min rahoton cron (mai gudanar da ayyuka da kansa a lokacin da aka tsara) ta imel kullum, akwatin =rahoto ya cika maƙil, Mutt har jan ƙafa yake wajen buɗe shi. Yanzu da hannu nake yi: in danna T, in rubuta ~d >30d don zaɓo saƙonnin da suka wuce kwana 30, sannan ;s don kai su ajiya. Ba na son gogewa, domin ranar da diski ya fara ciwo su nake komawa in duba. Akwai dabara?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam Malam. Saka wannan a .muttrc, fayil ɗin saitin Mutt:

folder-hook =rahoto 'push "<tag-pattern>~r >30d !~F !~U<enter><tag-prefix-cond><save-message>=ajiya<enter><end-cond>"'

Na fi son ~r a kan ~d, domin ranar isowa yake dubawa, shi kuwa ~d ranar aikowa. Idan agogon sabar ya karkace, ~d zai yaudare ka. Wanda ka sa wa tuta da wanda ba ka karanta ba suna nan ba a taɓa su. Kada ka cire tag-prefix-cond, in ba haka ba ranar da babu tsohon saƙo, saƙon da kake kai a lokacin shi zai tafi.

Amsa ta 2:
Ƙara set confirmappend=no, ko ya dame ka da tambaya. Kuma save-message kwafi kawai yake yi ya yi wa na asali alamar gogewa, sai ka danna $ tukuna ya fita daga =rahoto.

Mai tambaya:
Ya yi aiki, Allah ya saka da alheri. Sai dai =ajiya ma zai kumbura nan gaba.

Amsa ta 1:
Raba shi shekara-shekara: a maimakon =ajiya, rubuta =ajiya-`date +%Y`.