Musayar Waƙa: Tarkon "Me Za A Ce?"

Wata 'yar'uwa ta buɗe:

Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Karin Magana 29:25 ce ta hana ni barci, inda aka ce tsoron mutum tarko ne, mai dogara ga Ubangiji kuwa zai zauna lafiya. Amsa-amon "wa" ne, mai amsa ya amsa.

Jiya a wurin aiki an ɗora laifi
Kan wadda ba ta ci ba, tana ta rantsuwa.
A gabana aka yi, na san gaskiya,
Na sunkuyar da kai, na ƙi tankawa.
Ba wuƙa aka sa mini a wuya ba,
"Me za a ce?" ne ya hana ni motsawa.
Ta dube ni sau ɗaya ta kau da kai,
Kallon nan har yanzu ya ƙi gushewa.
Na durƙusa addu'a, baki ya yi nauyi,
Ku faɗa mini, akwai hanyar komawa?

Wani matashi ya amsa:

Yaya, ciwon nan tsoho ne ƙwarai,
Ya kayar da manya tun da daɗewa.
Sarki Saul ya bar Agag, sarkin abokan gaba, da rai, da tumaki masu ƙiba,
Kukansu ya ishe Sama'ila, ba ɓoyewa.
Ya ce, "Na ji tsoron jama'a, na bi muryarsu,"
Sarauta ta yage kamar riga, ba ɗinkewa.
Haruna ya karɓi zoben kunne na zinariya,
Ya ƙera maraƙi don taro na matsawa.
Bilatus da bakinsa ya ce ba laifi ga Yesu,
Ya wanke hannu, ya ba da shi ga gicciyewa.

Dattijo:

Ɗana, ka iya Littafi, Allah ya ƙara sani. Sai dai hanyar komawa 'yar'uwarka ta tambaya, kai kuwa waɗanda suka faɗi ka lissafa mata.

'Yata, dubi Bitrus gidan babban firist,
Gaban wutar gawayi, dare na sanyayawa.
Ba soja ba ne ya tsare shi da takobi,
Baranya mai tsaron ƙofa ce ke tambayawa.
Sau uku ya ce bai san Yesu ba,
Zakara ya yi cara, Ubangiji na waiwayawa.
Ya fita waje ya yi kuka mai zafi,
Yana ganin tasa ta ƙare, ba gyaruwa.
Sai ga asuba a bakin Tekun Tibariya,
Wata wutar gawayi, kifi na gasuwa.
Yesu, wanda Bitrus ya musunta, shi ya hura ta,
Ya ce su zo su karya, ba gori ba tsawatawa.
Sau uku ya tambaye shi, "Kana ƙaunata?"
Kowace musu ta sami wurin wankewa.
Ya damƙa masa tumakinsa ya yi kiwo,
Ga hanyar, 'yata, tana nan a buɗe ga kowa.

Wata uwa ta ƙara:

Baba ya faɗi gaskiya. Bari in sa nawa, kada a ɗauka sau ɗaya ake warkewa.

Bitrus ɗin nan ya tsaya gaban majalisa:
Allah za mu bi, ba mutum mai shuɗewa.
Amma a Antakiya, da baƙi suka iso,
Ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba, yana noƙewa.
Har Barnaba ya bi shi, Bulus ya tsaya,
Ya faɗa masa ido da ido, ba rufewa.
Ni ma furfura ta fito, tarkon na nan,
Kullum safe sai na roƙi ƙarfin tsallakewa.
Wanda ya ƙidaya gashin kanki duka
Ko gwara ɗaya ba ya mantawa.

'Yar'uwar ta dawo:

Baba, Mama, ƙanena, na gode. Na karanta Yahaya 21 har sau biyu, hawaye na zuba.

Gobe da safe wajenta zan fara,
In roƙi gafararta kafin komai, ba tsayawa.
Sannan in shiga wurin shugabanmu
In faɗi abin da idona ya gani, ba ragewa.
Gwiwata na rawa tun daga yanzu,
Ku sa ni addu'a da ƙarfe takwas, lokacin shigowa.

Dattijo:

Za mu durƙusa, 'yata. Ki dawo ki ba mu labari.