"Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi": wace ce kurar a Singafo?

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina wani ɗan rubutu a kan inda Turawan Ingila suka riƙa samo kuɗin tafiyar da mulki a Singafo da Penang da Malaka a farkon ƙarni na 20, kuma ina so in sa masa karin maganar nan a ka. Ga dalilina. Tun da wani Baturen Ingila, Raffles, ya kafa tashar jiragen ruwa ta Singafo a 1819 aka bar ta ba a karɓar kuɗin fito a kan hajar fatake, don jirage su yi ta tururuwa. To da me za a biya alƙali da ɗan sanda? Da ofiyom, wani abin sa maye. A Indiya ake noma shi, a yi gwanjonsa a Kalkata, a kawo shi ɗanye a dafa ya koma wani baƙin abu mai danƙo da suke kira candu, leburorin Sinawa su saya su zuƙa a lofe. Shekaru da dama wajen rabin abin da ke shiga baitulmalin gwamnatin daga nan yake. A ganina lebura ne kura, gwamna ne gardi. Ta zauna ko ba ta zauna ba?

Baba Mai Goro:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin mu ƙetare teku bari mu gyara bakin zaren. Mu "karɓar kuɗi" muka tashi muna ji, amma wannan ba abin gardama ba ne. Gardin nan kuma ba na tsangaya ba ne, mai wasa da kura ne. Ni na gan su ranar kasuwa ina yaro: kura da takunkumi, sarƙa a wuya, gardi da kulki da warki, ana kiɗa, in ta yi taurin kai ta sha duka, in an tashi ya kwashe abin da aka zuba, ya kuma sayar da layu. Abin da ban yarda da shi ba, ka kira bawan Allah mai jan keken ɗaukar mutane a rana kura. A bakin Bahaushe yaushe kura ta zama abin tausayi? Ita ce fa ba a ba ta ajiyar nama.

Hajiya Bagobira:
Baba, a gafarce ni, nan kam ba na bayanka. Yarinyar da ke koyon ɗinki ta kwana a kan keke daren sallah, uwar ɗakinta ta karɓi kuɗin, me take cewa? Wannan maganar dai. Ba wanda ke tsayawa ya binciki halin kura. Bugun ake dubawa, da aljihun da kuɗin ya shiga.

Baba Mai Goro:
Hajiya, yarinyar tana faɗa ne da raha, ta san ba kura ba ce. Shi kuwa a takarda zai rubuta, takarda ba ta murmushi.

Malamin Tarihi:
Ku bar ni in shigo da mutum na uku da Ɗan Kurmi ya tsallake, ina jin shi zai raba gardamar. Kafin 1910 gwamnati ba ta sayar da candu da hannunta. Izinin dafawa da sayarwa take sawa a gwanjo, yawanci na shekara uku, gamayyar attajiran Sinawa su yi tayi, wanda ya fi yawa ya ɗauka, ya riƙa biyan hayar wata-wata. Ko kasuwa ta yi kyau ko ta mutu, kuɗin gwamna ba ya raguwa. Su attajiran ne ke ɗaukar 'yan sintirinsu da ake kira cinten, su bi gida-gida da kwalekwale suna neman na fasa-ƙwauri. Su ne ke fama da Johor, wata masarauta a ƙasar Malaya wadda ɗan siririn ruwa ne kawai ya raba ta da Singafo: in candu ya fi araha a can, dare ɗaya ya isa ya cika gari, shi ya sa sau da yawa gamayya ɗaya ke ƙoƙarin riƙe kwangilar wuraren biyu. In masu wa'azin mishan da matasan Sinawa masu ƙin ofiyom sun tashi zagi, fuskar attajirin ake gani. Wasu sun yi tayin da ya fi ƙarfinsu, suka karye.

To ga kurarku nan. Tana da haƙora, tana cin nama, ba waliyyiya ba ce, amma sarƙar tana hannun wani. Da wannan Baba ya huta, karin maganar kuma ta zauna daram.

Ɗan Kurmi:
Allah ya gafarta Malam, to leburan fa? Ka fitar da shi daga wasan ke nan?

Malamin Tarihi:
Yana nan, a cikin 'yan kallo. Karin maganar mutum biyu ta ambata, alhali filin wasa uku ne. Kuɗin da gardi ke kwashewa ai ba daga jikin kura yake zuba ba.

Ɗan Kurmi:
Nan ne ban gamsu ba. Ɗan kallo da ganin damarsa yake jefa kwabo, ya koma gida ya yi barci. Wanda ke haƙar kuza a ƙasar Malaya, ubangidan da ke biyansa lada shi ne sau da yawa ke ba shi candu bashi a cire a ladan. Ga ciwon jiki, ga ba iyali kusa, ga abin in ya kama mutum ba ya saki. Wannan ba kallo ya zo ba, shi ma da sarƙa a wuyansa. Su kuma manyan 'yan kasuwar Turawa da ke cin moriyar tashar da ba fito, an sha kawo maganar harajin kuɗin shiga suna turjewa, sai a 1948 ya zauna da gindinsa.

Na-Damagaram:
Ku ba mu wuri mu mutanen Faransa, mu ma muna da namu gardin. Paul Doumer ya yi gwamnan Indocin, wato Biyetnam da Lawos da Kambodiya, daga 1897 zuwa 1902. Shi bai tsaya neman kura ba. Gwamnati ta yi babakere a kan abu uku, ofiyom da barasa da gishiri, ta haɗa da kuɗin kwastan ta riƙa cika babban kasafin da ya ƙirƙiro a 1898, har ya samu abin nunawa ya ciwo bashin faran miliyan 200 na shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Masana'antar dafa ofiyom tana Saigon. Mai dafa gishiri a bakin teku dole gwamnati zai sayar wa a kuɗin da ta yanka, in yana son na gyaran kifinsa ya dawo ya saya da tsada.

Ni karin maganar da nake kawowa ita ce "kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa". Ka tsawwala kuɗin ofiyom, alhali ga lardin Yunnan na ƙasar Sin a maƙwabta inda ake noma shi gona-gona, iyakar kuma duk duwatsu ce. Alfadarai suka yi ta sauko da shi ta bayan fage. Har layin dogon da suka gama a 1910 daga Haifon ta Biyetnam zuwa Kunmin ta Yunnan ta wannan iyakar ya ratsa.

Hajiya Bagobira:
Yayana, rariya ana faɗa wa wanda ya ɗauki abu da aibinsa ne, don ya yi shiru ya haƙura. Matar da ta auri mai yawo, misali. Su Faransawan sun haƙura?

Na-Damagaram:
Ina! In aka kama tukunyar giyar shinkafa ta ɓoye a ƙauye, har dagacin wurin ba ya tsira daga tara. Ai shi ya sa nake jefa musu ita, Hajiya. Gori ne, ba lallashi ba.

Ɗan Kurmi:
"Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga" fa?

Baba Mai Goro:
A'a, bar wannan. Ta 'yan'uwa ce in sun ɓata, bare ya samu ƙofa. Iyakar da Bature ya zana ba bangon gidan kowa ba ce balle a ce ta tsage.

Malamin Tarihi:
Abin da ya kamata Ɗan Kurmi ya kiyaye shi ne shekara. A 1907 Ingila da Sin suka yi yarjejeniyar rage ofiyom ɗin Indiya da ke shiga Sin kashi ɗaya cikin goma duk shekara, a 1909 aka yi taron ƙasashe kan ofiyom a Shanghai, a 1912 aka sa hannu a yarjejeniyar taƙaita shi a birnin Heg na Holan. Ana cikin wannan matsin gwamnatin Singafo ta soke gwanjon a 1910, ta koma dafawa da sayarwa da kanta, da sunan za ta fi iya taƙaita shi. Kuɗin bai daina shigowa ba. Daga nan kurata ta fita daga fili, gardi ya saura shi kaɗai da faifan kuɗi, karin maganar ta rasa rabinta.

Wani abin da zai ba ku sha'awa: Gwamna Lugga da muka sani, bayan ya bar Arewa a 1906, shi ne gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912. A hannunsa umarnin Landan na rufe ɗakunan shan ofiyom ya faɗo, kuma a zamaninsa aka sa wa barasa haraji a 1909 don cike giɓin. Da ya dawo nan ya tarar da Kudu na rayuwa da fiton barasa, Arewa na jiran tallafin Landan, ya haɗe su a 1914.

Ɗan Kurmi:
To na ji. Zan bar karin maganar a kan babin kafin 1910 kawai, attajiran gwanjo a matsayin kura. Na leburan kuwa har yanzu ina cigiya, duk wanda ya tuno wadda ta dace ya ajiye mini a nan.

Hajiya Bagobira:
Ku yi ta cigiyarku. Ni dai yarinyar ɗinkin nan in ta sake faɗa gobe ba zan ce mata ta jira a tantance ko tana da haƙora ba. Baba, an kira la'asar a wajenmu, sai na dawo.