Wane suna za mu ba amalanken jirgin kamun kifi mai rola a ƙasa?

Mai Fassara:
Salamu alaikum jama'a. Ana neman sunan Hausa ga abin da Turawa ke kira "rola tirela". Ƙarfe ne mai taya biyu da ake maƙalawa a bayan mota, a ɗora masa ƙaramin jirgin kamun kifi na faiba (roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi) ko na alminiyam, irin mai tsawon mita 4 zuwa 5 da inji a gindi. A Ingila da Ostareliya ba baƙon abu ba ne: jirgi na ajiye a gida, ran da za a fita kamun kifi a ja shi zuwa bakin ruwa. Iri biyu ne. Akwai wanda jirgin ke kwanciya a kan dogayen katakai da aka lulluɓe da kafet, akwai kuma wannan da jirgin ke zaune a kan jerin 'yan tayoyin roba masu juyawa. Kalma biyu ke nan ake so, ta ƙarfen gaba ɗaya da ta masu juyawar. Tirela dai ba za ta yi ba, don Bahaushe na jin tirela sai ya hango mai dakon siminti.

Mai Walda:
Wa alaikumus salam Malam. Na farkon ba wahala, amalanke ne. Duk abin da ba shi da inji, aka ɗora masa kaya, wani ya ja shi, amalanke ne, ko sa ne ke ja ko mota. A ce amalanken jirgi, an gama. Masu juyawar kuwa a bar su a rola. Mai fenti ya san rola, mai aikin titi ya san rola, wanda zai je kasuwa neman ta ma da rola zai tambaya.

Malamin Hausa:
Amalanke ya zauna daram, shi kansa daga Yarabanci muka aro shi ya zama ɗan gida. Rola ce ban gamsu da ita ba, Oga. Rolar fenti da ta titi su ke tafiya a kan abu. Wannan tana nan a kafe, jirgi ne ke wucewa a kanta. Muna da "gungura", muna kuma da hanyar ƙirar sunan kayan aiki: buɗe, mabuɗi, tsefe, matsefi. To gungura, magunguri, jam'i magungurai. Kafin mu tsayar, wanda ya san aikin ya faɗa mana yadda ake sauke jirgin, mu ga ko sunan ya hau.

Direban Jirgi:
Madalla Malam. Duk shiri ana yin sa ne a fili, kafin a shiga magangara, wato gangaren simintin nan da ke nutsawa cikin ruwa. A fara da matoshin ramin zubar da ruwa da ke gindin jirgi, a ɗaure shi tam, don wanda ya manta da shi sai ya ga ruwa a idon sawunsa. A kwance bel biyun da suka ɗaure gindin jirgi da amalanke. A cire wayar fitila daga jikin mota, in allon fitilar mai cirewa ne a ajiye shi gefe. A ɗaga injin sama don kada farfela ta daki siminti. A ɗaura doguwar igiya a goshin jirgi, wadda ta ninka tsawonsa, a ba wani ya riƙe.

Abu biyu ne ba a taɓawa ko kusa: bel ɗin winci, wato na'urar da ke gaban amalanke da ake juyawa da hannu tana naɗe bel, da sarƙar tsaro da ke maƙale a zoben goshin jirgi. A nan bambancin iri biyun yake. A kan katako nauyin jirgi da kafet suna ɗan riƙe shi. A kan masu juyawa babu abin da ke riƙe shi sai wannan bel da wannan sarƙa. In aka kwance su tun daga sama, aka yi ribas, aka taɓa birki sau ɗaya, jirgin zai sulale ya zube a kan siminti, inji ne kuma zai fara dukan ƙasa.

Sai a yi ribas a hankali har ruwa ya taɓa robar tayar amalanke, bai kai cibiyarta ba. A ja birkin hannu, a sa waigi a tayar mota, don magangara ba ta rabuwa da gansakuka. Sannan a cire sarƙa, a kama hannun winci da ƙarfi tukuna, a ɗan juya shi gaba don nauyi ya sauka daga kan ɗan harshen da ke kama haƙora, a ɗage harshen, a riƙa warwarewa a hankali. Kada a saki hannun nan. Jirgi mai inji yana da nauyin ɗaruruwan kilo, in ya ja bel ɗin hannun winci zai yi ta juyawa da gudun da zai karya wuyan hannu ko ya fasa haɓa. In ya kuɓuce, a ja da baya a bar shi, ba a tarar sa.

Malamin Hausa:
To ka ga abin da nake nufi. Wanda aka ce masa amalanken nan mai magungurai ne, tun bai gan shi ba ya san abin da ke kai gungurawa zai yi in aka sake shi. Rola ba ta gaya masa haka.

Tela:
Ni ba ɗan ruwa ba ne amma na duba hoton abin. Waɗanda ke jere a tsakiya, masu siririn ƙugu da faɗin baki biyu, ai kwarkwaron zare ne sak. Me zai hana a ce kwarkwaro?

Mai Walda:
Maigida ka kawo magana, amma rabin su kaɗai ta kama. Na tsakiyar su ne ƙashin bayan jirgi, wato dogon tudun da ya bi tsakiyar ƙasansa, ke hawa, su ke ɗaukar mafi yawan nauyi, ramin ƙugun nasu shi ke hana jirgin kaucewa. Na gefe daban suke. Gajeru ne, bibbiyu ko hurhuɗu a kan hannun ƙarfe mai lilo, suna karkata su bi siffar cikin jirgi. Aikinsu tallafi ne kada jirgi ya kwanta gefe guda. Kuskuren da ake yawan yi wajen saiti shi ne a ɗaga na gefen su fi ƙarfin na tsakiya, sai nauyi ya koma kan fatar jirgi inda ba ta da kauri, alminiyam ya lotsa, faiba ya tsage. Gwajin mai sauƙi ne: jirgi na kai, ka kama kowane na tsakiya da hannu, in ya juya sakaka to ba ya ɗauke da komai, a ɗaga shi. Na ƙarshen baya kuma lallai ya zo daidai ƙarƙashin allon gindi inda inji ke rataye, don inji mai doki 40 ya haura kilo 70, kuma a hanya mai gargada nauyin nan dukan jirgin yake yi. Baƙar roba tana barin zane a farin faiba, in jirgi ya daɗe a kanta kuma tana shafewa gefe ɗaya ta daina juyawa.

Mai Fassara:
Ke nan magunguri ya zama sunan dukkansu, na tsakiya kwarkwaro, na gefe masu lilo. A ci gaba, saura ɗorawa.

Direban Jirgi:
Wajen ɗorawa kuskuren kowa ɗaya ne, a tura amalanke cikin ruwa da yawa ana ganin za a rage wahala. In ya nutse, gindin jirgi yana yawo a kan ruwa bai taɓa komai ba, iska ko igiyar ruwa ta karkatar da shi, ana fitowa sai a tarar ya zauna a karkace. Daidai shi ne kwarkwaron ƙarshe ya kasance a fuskar ruwa ko ya ɗan nutse kaɗan. A jawo bel tun kafin jirgi ya iso, a mayar da harshen winci wurin kamu, a jawo jirgin da igiya har goshinsa ya hau tsakiyar kwarkwaron nan, a maƙala ƙugiya a zobe, a fara naɗewa. Da yake jirgin hawa yake yi ba yawo ba, masu lilo su za su miƙar da shi da kansu. In akwai iska daga gefe, mutum ɗaya ya tsaya ta inda iskar ke fitowa da igiya a gindin jirgi yana ja.

In winci ya yi tauri farat ɗaya, a tsaya. Ko dai ƙashin bayan ya sauka daga kwarkwaro, ko wani magunguri ya ƙame. A sassauta a mayar da jirgin baya a sake, kada a yi ta dannawa, bel na iya tsinkewa, mai juya wincin kuwa fuskarsa na kan layin. Da goshi ya manne da robar da ke jikin sandar winci, a sa sarƙa nan take, kafin mota ta motsa ko taku ɗaya. Sauran aikin a yi shi a fili: cire matoshi ruwa ya tsiyaye, ɗaure bel biyun baya, mayar da fitila.

Wannan na rashin buƙatar zurfi shi ne zai sa irin amalanken ya yi amfani a madatsun ruwa irin Kainji ko Tiga, inda ruwa ke hawa yana sauka, gaɓa kuma sau da yawa laka ce da tsakuwa. Kwalekwalen katako na masuntanmu dai ba ruwansa da wannan, a kwata yake kwana. Maganar jiragen faiba da na alminiyam ake yi.

Bakanike:
Ku bar ni in sa baki kan dalilin hana ruwa kaiwa cibiyar taya, don boris ne ke mutuwa. An yi tafiya, cibiya ta yi zafi, aka tsoma ta a ruwan sanyi, iskar ciki ta tsuke ta zuƙo ruwa ta bakin sil, wato robar da ke toshe ta. Ruwa ya gauraya da giris, boris ya yi tsatsa, wata rana a kan titi taya ta fita. In dole sai an nutsar, a bar cibiyar ta huce tukuna, a riƙa buɗewa ana duba giris, in ya koma fari-fari kamar madara an sha ruwa. A ɗaga taya da jak a girgiza ta, in tana kaɗawa ko tana gurnani a canja boris.

Sai nauyin da ke sauka a kan dunƙulen ƙarfen bayan mota inda ake maƙala amalanke. Ana so ya kai kamar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na jimillar nauyi, wato in jirgi da amalanke kilo 600 ne, kilo 30 zuwa 60. Sikelin awon mutum ma yana auna shi. In ya gaza, amalanke zai riƙa wutsil-wutsil da an ɗan yi gudu, maganinsa a matsar da sandar winci gaba ko a kwashe jarkokin mai daga gindin jirgi. Dunƙulen na Turai milimita 50 ne, na Amurka da inci ake auna su, kada a haɗa bakin wani da dunƙulen wani don kawai ya shiga. A Ingila amalanken da ba shi da birkin kansa ba a yarda jimillarsa ta wuce kilo 750 ba.

Mai Walda:
Na sallama a rubuce, Malam. Amma magungurai ya yi wa baki nauyi, ba wanda zai tsaya a bakin ruwa yana faɗin "amalanken jirgi mai magungurai".

Malamin Hausa:
Gaskiyarka. A gajarta: amalanken gungura, kishiyarsa amalanken katako. Cikakken sunan a bar wa takarda.

Mai Fassara:
To haka za a rubuta. Amalanken jirgi shi ne sunan gaba ɗaya, ya rabu gida biyu, na gungura da na katako. Magunguri, magungurai, na tsakiya kwarkwaro, na gefe mai lilo. Wurin saukewa magangara. Rola za ta fito sau ɗaya a farkon bayani saboda mai zuwa sayen kaya. Winci ne ya rage, an bar shi yadda yake ko akwai mai ja?

Direban Jirgi:
Manaɗi zai yi, tunda naɗe bel yake. Amma a bar winci a gefensa, masu janwe sun riga sun saba da shi.